Leo Baekeland: Ɗan baduku da ya gano hanyar gasa robar da ba ta narkewa

Duk wanda ya taɓa kama baƙin mariƙin tukunya ya sauke ta daga kan wuta ba tare da ya ƙone ba, ko ya danna makunnin lantarki na bango, ko kuwa ya taka birkin mota, to da wuya a ce bai ci moriyar aikin Leo Hendrik Baekeland ba.

Shi dai Baekeland masanin kimiyyar sinadarai ne, haifaffen ƙasar Beljiyam, wanda ya yi yawancin rayuwarsa a Amurka. A shekarar 1907 ya ƙirƙiro Bakelite, wato roba ta farko da aka haɗa baki ɗayanta daga sinadarai, ba tare da an nemi danƙon itace, ko auduga, ko ƙahon dabba ba.

To sai dai ba shi ne ya fara ganin wannan abu ba. Shekaru 35 kafin nasarar tasa, masana a Jamus sun riga sun ci karo da wani danƙo a gindin kwalaben gwajinsu, suka ɗauke shi a matsayin datti. Abin da Baekeland ya gano shi ne hanyar gasa danƙon da zafi da kuma matsi, mataki bayan mataki, har ya sandare a cikin siffar da ake so. A kan wannan hanya ce aka gina masana'antar robobi masu jure zafi, tun daga mariƙin tukunya har zuwa garkuwar kumbon sama jannati.

Haihuwa da karatu

An haifi Baekeland a ranar 14 ga watan Nuwamba na shekarar 1863 a birnin Gent da ke Beljiyam. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin takalma, mahaifiyarsa kuma aikatau take yi a gidajen masu hali.

Burin mahaifin shi ne yaron ya gaji sana'arsa. Amma mahaifiyar, wadda ta ga yadda ilmi ke ɗaukaka 'ya'yan gidajen da take wa aiki, ta dage a kan lallai sai ya yi karatu. Ya halarci makarantar koyon sana'o'i ta birnin, inda ya fara sanin kimiyyar sinadarai, ya kuma kamu da sha'awar ɗaukar hoto.

A shekarar 1880 hukumar birnin Gent ta ba shi tallafin karatu ya shiga jami'ar garin. Shekaru huɗu bayan haka ya samu digirin digirgir da sakamako mafi daraja, alhali bai wuce shekaru 21 da haihuwa ba. Ya koyar a wata kwalejin horar da malamai da ke birnin Bruges daga 1887, sannan a 1889 aka ba shi muƙamin mataimakin farfesa a jami'ar da ya fito.

A watan Agusta na wannan shekara ce ya auri Céline Swarts, 'yar malaminsa Farfesa Théodore Swarts. Jim kaɗan bayan ɗaurin auren, ango da amarya suka kama hanyar Amurka da wani tallafin ziyarar ƙaro ilmi da ya samu. A birnin New York ya haɗu da Farfesa Charles Chandler na Jami'ar Columbia, wanda ya ƙarfafa masa gwiwar zama a ƙasar. Baekeland ya ajiye muƙaminsa na jami'a, ya kama aiki da kamfanin Anthony mai yin kayan ɗaukar hoto.

Takardar hoto da arzikin farko

Bayan shekaru biyu ya bar kamfanin, ya koma cin gashin kansa a matsayin mai bai wa masana'antu shawara. Lamarin bai zo masa da sauƙi ba. Ya rarraba hankalinsa a kan ƙirƙire-ƙirƙire barkatai, kuɗinsa suka ƙare, ga kuma rashin lafiya da ta kwantar da shi. A kan gadon jinya ne ya yanke shawarar cewa daga lokacin abu guda zai riƙa sa wa a gaba har sai ya ga ƙarshensa.

Abin da ya zaɓa shi ne takardar wanke hoto. A wancan zamani mai hoto sai ya jira rana ta fito kafin ya fitar da hoto a kan takarda, idan kuwa hadari ya rufe gari aiki ya tsaya. Baekeland ya samar da wata takarda da ya raɗa wa suna Velox, wadda ake iya aiki da ita da hasken fitila a cikin ɗaki.

Takardar ta fito ne a 1893, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya shiga mummunan hali, don haka aka ɗauki lokaci kafin ta karɓu. Ya haɗa gwiwa da wani mai jari, Leonard Jacobi, suka kafa kamfanin Nepera a garin Yonkers da ke kusa da New York. A hankali masu ɗaukar hoto don nishaɗi suka rungumi takardar, har a shekarar 1899 George Eastman na kamfanin Kodak ya sayi Nepera a kan dala dubu 750.

Kason da Baekeland ya samu ya wadatar da shi. Ya sayi gida a Yonkers a gefen kogin Hudson, ya tanadi ɗakin gwaje-gwaje na kansa a harabar gidan. Sai dai cinikin ya zo da sharaɗi: ba zai sake yin bincike a fannin hoto ba har tsawon shekaru 20. Dole ke nan ya nemi wani fagen.

Da farko ya karkata ga amfani da lantarki wajen sarrafa sinadarai, ya je Jamus a 1900 ya ƙaro ilmi a kai, ya kuma taimaka wajen inganta na'urar da kamfanin Hooker ya yi amfani da ita a masana'antarsa ta Niagara Falls. A wannan aiki ya ƙara riƙo da wata aƙida da aka san shi da ita, wato mutum ya yi kura-kuransa a ƙaramin gwaji, ya bar babban aiki don cin riba.

Ƙwaron Indiya da wayoyin lantarki

A farkon ƙarni na 20 wutar lantarki na ta bazuwa a biranen Turai da Amurka, kuma kowace waya da kowane inji na buƙatar abin da zai tare wuta don kada ta bi inda ba a so. Kayan da ake da su a lokacin kowanne da aibinsa. Tangaran na fashewa. Ƙaƙƙarfar robar itace na laushi idan ta ji zafi. Seluloid kuwa, wanda ake yi daga auduga, kama wuta yake yi nan take.

Ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi dogaro da su shi ne shelak, wani irin ƙaro da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin rassan itatuwa a Indiya da kudu maso gabashin Asiya. Da hannu ake kankaro shi a tace, kuma buƙatar masana'antu ta fi ƙarfin abin da ƙwarin ke iya samarwa. Duk wanda ya samo madadinsa, kakarsa ta yanke saƙa.

Baekeland ya sa ido a kan wasu sinadarai guda biyu masu araha. Na farko shi ne fenol, wanda ake samu daga kwaltar da ke fita idan an gasa kwal, kuma likitoci sun daɗe suna kashe ƙwayoyin cuta da shi. Na biyu shi ne fomaldehaid, wanda ake yi daga wani ruwa da ake tatsa daga itace, kuma ruwansa ne ake adana gawa da shi a asibitoci.

Abin da ya gagari magabata

Tun a shekarar 1872 shahararren masanin nan na Jamus, Adolf von Baeyer, ya lura cewa idan fenol ya haɗu da dangin fomaldehaid, wani danƙo yakan fito. Da yake rini yake nema, bai bi ta kansa ba. A 1891 wani Bajamushe, Werner Kleeberg, ya gwada da fomaldehaid ɗin kansa, sai ya samu wani dunƙule mai tauri, cike da ƙofofi kamar soso, wanda ba ya narkewa a wuta, ba ya kuma narkewa a cikin kowane ruwan sinadari. Wasu masu bincike a Birtaniya da Austiriya sun biyo baya, amma babu wanda ya fitar da abin da kasuwa za ta karɓa.

Dalilin gazawar tasu yana cikin yadda sinadaran biyu ke haɗuwa. A duk lokacin da ƙwayoyinsu suka ɗaure da juna, sukan saki ruwa. Idan aka ƙara wuta don a hanzarta aikin, ruwan sai ya tafasa, fomaldehaid ɗin da bai gama haɗuwa ba shi ma ya tashi ya zama iska, cakuɗin ya yi kumfa ya kumbura, sannan ya sandare da kumfar a cikinsa. Abin da zai fito ba shi da ƙarfi, ba shi da siffa.

Saboda haka masu binciken suka riƙa rage wuta, suna barin danƙon ya bushe a hankali na tsawon kwanaki ko makonni. Wannan ma bai biya buƙata ba, domin kayan kan tsattsage ko su lanƙwashe, kuma babu masana'antar da za ta jira makonni a kan maɓalli guda.

Baekeland da mataimakinsa Nathaniel Thurlow sun shafe shekaru suna maimaita gwaje-gwajen magabatan ɗaya bayan ɗaya, suna sauya yawan kowane sinadari, da zafin wuta, da tsawon lokaci, suna rubuta komai. Da farko sun samu wani danƙo mai narkewa da suka kira Novolak, wanda aka yi fatan zai maye gurbin shelak, amma bai yi kasuwa ba.

Zafi da matsi

A watan Yuni na shekarar 1907, Baekeland na gwajin jiƙa katako da cakuɗin don ya ga ko zai ƙara masa tauri. Ya sa guntayen katakon a cikin rufaffen bututu ya gasa. Katakon bai yi taurin da ya zata ba, amma ya lura cewa danƙon da ya tsattsafo daga jikinsa ya yi tauri matuƙa. Ya mayar da hankalinsa kan danƙon, kuma cikin 'yan kwanaki ya samu dunƙule mai santsi wanda ya ɗauki siffar mazubin da aka gasa shi a ciki.

Sirrin shi ne rufaffen mazubin. Ruwa na tafasa ne a digiri 100 a ma'aunin Salshiyos idan yana buɗe, amma idan aka matse shi ba zai tafasa ba sai zafin ya haura haka, kamar dai yadda murfin lagireton mota ke hana ruwan inji tafasa. Baekeland ya fahimci cewa maimakon a guji zafi, ƙara shi ya kamata a yi, a kuma danne kumfar da matsi. A zafin da ya kai kimanin digiri 150, aikin da ke cin makonni ya koma na sa'o'i, daga baya ma ya koma na mintuna.

Don yin wannan aiki ya sa aka ƙera masa wata babbar tukunyar ƙarfe mai siffar ƙwai, wadda ake zafafawa da tururi ana kuma cusa mata iska mai matsi. Ya kira ta Bakelizer. A ranar 13 ga watan Yuli na 1907 ya shigar da takardar neman mallakar fasahar, aka kuma ba shi ita a ranar 7 ga watan Disamba na 1909. Wani injiniya ɗan Birtaniya, James Swinburne, wanda ya daɗe yana bincike a kan wannan danƙo, ya kai tasa takardar kwana guda kacal bayan ta Baekeland.

A watan Fabrairu na 1909 ne Baekeland ya bayyana ƙirƙirar tasa a gaban reshen New York na Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka.

Matakai uku

Babbar gudummawar Baekeland ita ce ya raba gashin gida uku, ya kuma nuna cewa ana iya tsayar da aikin a tsakiya a ci gaba da shi daga baya.

A mataki na farko, wanda ya kira A, danƙon ruwa ne mai kauri ko kuma dunƙule mai saurin narkewa. Ana iya shafa shi kamar fenti, ko a jiƙa takarda da ƙyalle da shi. A mataki na biyu, wato B, ya riga ya daskare, ana iya niƙa shi ya zama gari a ajiye, amma idan ya ji zafi yakan yi laushi ya bi siffar mazubi. A mataki na uku, wato C, gashi ya kammala: ba ya narkewa, ba ya laushi, mai ko ruwan sinadari ba sa cin sa, wutar lantarki ba ta bin jikinsa. Idan zafi ya yi masa yawa sai dai ya babbake.

Lamarin ya yi kama da aikin maginan tukwane. Ɗanyen yumɓu ana iya murɗa shi yadda aka ga dama, busasshe ma idan aka jiƙa shi yakan dawo, amma tukunyar da ta sha gashi ta rabu da zama yumɓu har abada.

A yau masana sun san dalilin haka. Robobi irin na buta da bokiti da leda an yi su ne da dogayen ƙwayoyi masu kama da zare, waɗanda ke kwance kusa da juna ba tare da ɗauri ba, shi ya sa zafi ke sa su zame su narke. A Bakelite kuwa, gashi na ɗaure zaren da juna ta kowace fuska kamar komar masunta, har dunƙulen ya zama tamkar ƙwaya guda. Baekeland ya cimma nasararsa ne kafin a fahimci wannan bayani, domin sai a 1920 Hermann Staudinger na Jamus ya gabatar da ra'ayin dogayen ƙwayoyin, wanda ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1953.

Garin katako, takarda da ƙyalle

Bakelite zalla yana da tauri amma yana da saurin karyewa. Tun daga farko Baekeland ya gane cewa amfaninsa na gaske yana wajen haɗa shi da wani abu, kamar yadda magina ke cakuɗa ƙasa da ciyawa don gini ya yi ƙwari.

Idan aka zuba masa garin katako, yakan yi sauƙin zubi ya kuma rage karyewa. Idan aka sa masa zaren asbestos, yakan ƙara jure zafi. Idan kuwa aka jiƙa takardu ko ƙyallaye da shi, aka jera su bisa juna aka gasa a ƙarƙashin matsi, sai a samu allo mai ƙarfi da ake iya yankawa da hudawa. Kamfanin Westinghouse ya yi irin wannan allo da sunan Micarta, kuma a 1913 wasu injiniyoyinsa biyu suka ɓalle suka kafa kamfanin Formica.

Mataki na biyu, wato B, shi ne ya buɗe ƙofar kasuwa. Kamfanin Baekeland sai ya riƙa sayar da garin danƙon da aka gasa rabi, masu ƙera kaya kuma su zuba shi a zazzafan mazubin ƙarfe, su matse, cikin 'yan mintuna su fitar da kaya gamamme mai sheƙi. Dubban kaya iri ɗaya kan fito daga mazubi guda, babu wanda ya bambanta da ɗan'uwansa.

Masu kayan lantarki ne suka fara rububinsa, sai masu ƙera motoci, waɗanda suka yi murfin na'urar da ke rarraba wuta ga fulogogi da shi, domin yana jure zafin inji da mai. Da rediyo ya shigo gidaje a shekarun 1920, akwatuna da maɓallansa suka koma na Bakelite. A 1931 kamfanin Ericsson ya fitar da baƙar wayar tarho ta Bakelite wadda siffarta ta zama abin koyi a ƙasashe da dama.

Kasuwa da kotu

Niyyar Baekeland ta farko ita ce ya ba wa wasu kamfanoni lasisi su riƙa yin danƙon, shi kuma ya zauna a ɗakin gwajinsa. Da ya ga aikin na buƙatar kulawar da ba kowa ke iya bayarwa ba, sai ya shiga harkar da kansa. A 1910 aka kafa kamfanin Bakelite na Jamus, mai masana'anta a Erkner kusa da Berlin, kuma a wannan shekara ya kafa General Bakelite a Amurka, mai masana'anta a Perth Amboy da ke jihar New Jersey.

Nasara ta jawo masa abokan hamayya. Jonas Aylsworth, wanda ya yi aiki da Thomas Edison, ya fito da Condensite, shi kuma Lawrence Redman ya fito da Redmanol. An shafe shekaru ana shari'a a kan wanda ke da haƙƙin fasahar. Baekeland ya yi nasara a kotu, amma maimakon ya durƙusar da abokan hamayyar, sai aka haɗe kamfanonin uku a 1922 a ƙarƙashin Bakelite Corporation, yana shugabanta. Haka aka yi a Birtaniya a 1927, inda kamfanin Swinburne ya shiga cikin sabon kamfanin Bakelite na ƙasar, aka kuma naɗa Swinburne ɗin shugabansa.

Karramawa ta biyo baya. Ya samu lambar yabo ta Perkin a 1916, ya zama farfesa a Jami'ar Columbia a 1917, sannan a 1924 ya shugabanci Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka, shekarar da mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kasance cikin kwamitin masana da ke bai wa rundunar sojin ruwan Amurka shawara, a ƙarƙashin jagorancin Edison.

Zuwa shekarar 1927 wa'adin manyan takardunsa na mallakar fasaha ya ƙare, kamfanoni da dama suka shiga yin irin danƙon. Wasu sababbin robobi masu ɗaukar launuka masu haske su ma suka fara shigowa, abin da Bakelite, wanda yawanci baƙi ne ko ruwan ƙasa, bai iya ba.

Ƙarshen rayuwa

Baekeland da matarsa sun haifi 'ya'ya uku. Ta fari, Jenny, ta mutu tana ƙarama, suka rage George da Nina. Ya so George ya gaje shi a shugabancin kamfanin, amma ɗan bai nuna sha'awa ba. A shekarar 1939, yana da shekaru 75, ya sayar da kamfanin ga Union Carbide ya yi ritaya.

Ya koma gidansa da ke Coconut Grove a jihar Florida, inda ya riƙa yawo a teku da jirgin ruwansa, yana kuma renon itatuwan ƙasashe masu zafi a lambunsa. Duk da dukiyar da ya tara, ya zaɓi rayuwa mai sauƙi, ya janye jiki daga mutane, abincinsa ma yawanci na gwangwani ne.

Ya mutu a ranar 23 ga watan Fabrairu na 1944 a wani gidan jinya da ke garin Beacon a jihar New York, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekaru 80. An binne shi a maƙabartar Sleepy Hollow. Ya bar takardun mallakar fasaha fiye da 100, kuma an ƙiyasta cewa a shekarar da ya mutu duniya ta samar da kimanin tan dubu 175 na irin danƙon da ya ƙirƙiro.

Abin da ya bari

Rediyo da wayar tarho na Bakelite sun koma kayan tarihi da masu sha'awa ke tarawa, amma danƙon fenol bai ɓace ba. Da shi ake manne wasu nau'o'in filawud, shi ke riƙe da kayan da ke cikin birkin mota, ana kuma yin mariƙan tukwane da wasu allunan kayan lantarki da shi. Novolak ɗin da ya kasa yin kasuwa a hannunsa, daga baya ya zama muhimmin sinadari wajen zana ƙananan hanyoyin lantarki a jikin ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Babbake da yake yi maimakon narkewa shi ma ya zama alheri. Kumbon Apollo 11 da ya dawo da 'yan sama jannati daga duniyar wata a 1969 ya ratso sararin samaniyar duniya da gudun kimanin kilomita 11 a daƙiƙa guda, kuma garkuwar da ta kare su an yi ta ne da dangin wannan danƙo, wanda ke babbakewa yana zaizayewa a hankali yana tafiya da zafin. Na'urar Curiosity da ta sauka a duniyar Mars a 2012 ita ma garkuwarta zaren gawayi ne da aka jiƙa da danƙon fenol.

Hanyar gashin ma ta rayu fiye da kayan. Masu ƙera jiragen sama na sayen zaren gawayi da aka riga aka jiƙa da danƙo aka gasa rabi, wanda har yau ake kiran matakinsa da B kamar yadda Baekeland ya raɗa masa. Sukan jera shi a kan mazubi, su tura cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai zafi da matsi. Kimanin rabin nauyin jirgin Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinja a 2011, irin waɗannan haɗaɗɗun kaya ne.

Sai dai gadon nasa ya zo da nasa nauyin. Asbestos da aka riƙa cakuɗawa da danƙon an gano yana haddasa munanan cututtukan huhu, ƙasashe da dama sun haramta shi. A shekarar 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya fomaldehaid cikin sinadaran da ke haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, abin da ya sa aka tsaurara ƙa'idojin kare ma'aikatan da ke mu'amala da shi.

Akwai kuma matsalar shara. Tsohon bokiti ana iya narka shi a yi sabo, amma robar da aka gasa ba ta komawa baya, don haka yawanci sai dai a niƙa ta, ko a ƙona, ko a binne. Tsofaffin fukafukan injinan samar da lantarki daga iska, waɗanda aka yi da irin waɗannan kaya, na daga cikin abubuwan da ke ci wa ƙasashe masu arzikin masana'antu tuwo a ƙwarya. Masana na ci gaba da neman danƙon da zai jure zafi a lokacin aiki, amma a iya warware ɗaurinsa idan ya tsufa.

Ita kuwa tukunyar ƙarfen da Baekeland ya fara aiki da ita, tana hannun gidan tarihin Amurka na Smithsonian da ke birnin Washington. A shekarar 1993 Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka ta ayyana ta a matsayin abu na farko a jerin kayan tarihin kimiyyar sinadarai na ƙasar.